Ƙwai Bakwai a Ɗakin Mai Takaba

Ranar da aka shigo da gawar Bunyaminu gida a Geza, matarsa Mariya ta yi kuka har muryarta ta dishe, amma ko a tsakiyar kukan nan rabin hankalinta yana ƙarƙashin gado. Akwai wata tukunyar ƙasa a can ciki, an kife mata faifai a baki. A cikin tukunyar akwai ƙwan maciji guda bakwai. Duk faɗin garin babu mai rai da ya san da su sai ita kaɗai.

Ku tsaya ku ji yadda aka yi, kada ku ma ku zarge ta tun ba a je ko'ina ba.

Bunyaminu ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane da buhuna a kan babur daga Bagudo zuwa bakin iyakar Benin. A tsallaken iyakar ya samo Mariya, 'yar Dandawa, shekara shida da suka wuce. A can kuma ya samo wani abin so na biyu, wanda ya fi wuyar faɗa wa dangi. Yana da aboki, Ɗanmusa, mai kiwon wata irin ƙaramar mesa a gida yadda wasu ke kiwon tattabaru. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Sau ɗaya Bunyaminu ya ɗauki ɗaya a hannu, shi ke nan ya kamu. Ɗanmusa ya bar masa ita, amma a can take zaune, domin kawo ta Geza ba ma zancen yi ba ne. Kububuwa ce ta kashe mahaifin su Bunyaminu a gonar shinkafa, kuma tun daga ranar, yayansa Shamsu ko tsohuwar igiya ya gani a ƙasa sai ya sare ta kafin ya duba.

Da mesar ta yi ƙwai a tsakiyar bazara, sai kwarkwasa ta addabi gidan Ɗanmusa. Bunyaminu ya kwaso ƙwan a kwali, ya lallaɓo da su har gida, ya tura ƙyaure, ya kira matarsa ya buɗe mata.

"Innalillahi! Hitar min da su!" in ji Mariya, ta haye gado da ƙafafunta biyu.

"Ke dai sauko ki gani. Ƙwai ne, ba su cizo."

Ba irin na kaza ba ne. Sun fi na agwagwa girma, farare, fatarsu da laushi kamar jemammiyar fata, kuma duk sun manne da juna wuri guda. Ya zuba rairayin rafi a tukunya, ya yayyafa ruwa, ya damƙi rairayin ya buɗe mata tafin hannunsa.

"Kin gani? In kinka matse ya dunƙule, ruwa bai ɗiga ba, to ya yi daidai. In ya warwatse, ƙishi suke ji, za ki ga sun lotsa. In ya ɗiga, kin cika ruwa, za su yi fumfuna su ruɓe. A gehen tukunya ake zuba ruwan, kada ɗigo guda ya taɓa ƙwan. Kuma don Allah kada ki juya su. Wanga ba ƙwan zabo ba ne, in anka juya shi ɗan da ke ciki ya mutu. Kusan kwana sittin suke yi, kahin nan na maida su tsallake."

To, don kada a juya sun ne ya yi abin da ya jawo duk wannan masifa. Bawan Allah bai yi boko ba, allo ya yi. Ya ɗauko tawadarsa da alƙalamin kara, ya bi saman kowane ƙwai ya rubuta masa lamba da Larabci, daga ɗaya zuwa bakwai. Shi a wurinsa alama ce kawai ta gane sama da ƙasa. Amma ku gaya mini, a ƙasar nan tamu, wa zai ga ƙwai da rubutun tawada a cikin tukunya a ƙarƙashin gadon namiji, ya ce alama ce?

Kwana tara bayan nan babur ya kayar da shi a kan miƙaƙƙiyar hanya, da rana tsaka. Ba rami, ba saniya, ba mota. Wayarsa ta farfashe, lambar Ɗanmusa ta tafi tare da ita. Tun kafin a dawo daga maƙabarta aka fara cewa faɗuwar nan ba banza ba. Mata kuma suna kallon Mariya ta gefen ido, suna raɗa cewa daga tsallake take, kuma an ce can ƙasa-ƙasa cikin ƙasarsu har ɗaki ake gina wa maciji. Mariya Musulma ce 'yar Musulmi, kakanta liman ne, ko a mafarki ba ta taɓa zuwa can kudu ba. Amma wa ya tambaye ta?

Ranar sadakar uku Shamsu ya tsaya a bakin ƙofarta, idonsa a kan bango.

"Ki yi takabarki lahiya," in ji shi. "Aminat ta zamna wurinki har arba'in. Amma in munka ga wani abu da ba mu gane ba, ɗiyar ƙanena ba ta ƙara kwana ɗaki guda da ke. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Yaya."

Aminat shekararta huɗu, ita ce kaɗai Allah Ya ba su. Tana barci a lokacin, ta jefa ƙafa ɗaya a kan cinyar uwarta. Mariya ta riƙe ƙafar nan har Shamsu ya fita.

Aka kawo gwaggonsu, 'Yar Baba, ta zauna da ita, kamar yadda ake ajiye tsohuwa ta taya mai takaba zama. Tsohuwar idonta ɗaya ya yi yana, amma hancinta, kai! Daga zaure take gane miyar da ta kwana.

Za ku ce me ya hana ta zubar da ƙwan ta huta? Ta ina? Mai takaba wata huɗu da kwana goma ba ta taka ƙofar gida. Masai yana can ƙarshen tsakar gida, sai ta wuce ta gaban tabarmar 'Yar Baba da matan da ke zuwa gaisuwa. Ta taɓa ɗaukar taɓarya za ta murƙushe su a cikin tukunyar. Sai ta tuna ruwan cikinsu da ƙarni, ina za ta kai su? Kuma da ta haska fitilar wayarta a jikin na ɗaya, ta ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki, wani abu baƙi ya motsa a hankali. Ta saki taɓaryar ta ja da baya. Tana ƙyamar abin, tana tsoronsa, amma rubutun da ke kansa hannun mijinta ne, kuma ba ta da wani rubutun nasa.

Sai ta yi wa kanta dabara guda. Ɗanmusa ba zai ƙi zuwa sadakar arba'in ba, in dai labari ya kai masa. In ya zo, za ta san yadda za ta yi ya kwashe kayansa, in ma an gani shi ne shaidarta. Ƙwai mai rai ba ya wari, mataccen ne ke tona asiri. Aikinta kawai ta tsare su da rai har ranar.

Kullum bayan azahar, in 'Yar Baba ta idar da salla ta miƙe a gindin darbejiya ta fara minshari, Aminat kuma tana wasa a wurin 'ya'yan Shamsu, Mariya sai ta ɗebi ruwa a moɗa kamar za ta sha, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ta durƙusa, ta jawo tukunyar a hankali don kada ta yi ƙara. Ta ɗaga faifan tana kawar da fuska, domin kullum gani take yau za ta tarar da kai ya leƙo. Ta tura yatsu gefe, ta damƙi rairayi, ta matse, ta buɗe. In ya tsaya dunƙule sai ta sauke numfashi. In ya zube sai ta tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan a jikin tukunyar, kunnenta yana waje. Ko kaza ce ta taka ganye sai gabanta ya faɗi.

Haka ta yi kwana ashirin ba tare da matsala ba. Sai rana ta buɗe wuta irin wadda ake yi gab da saukar damina. Kwanon ɗakin ya yi zafi har ba a iya zama, randa ma ta daina sanyaya ruwa. Ranar ashirin da biyu ta ɗaga faifai ta ga na biyu da na shida sun lotsa, kamar an danna su da babban yatsa.

Wayyo! Nan hankalinta ya tashi, duk abin da aka koya mata ya gudu daga kanta. Ta juye moɗa guda, ta koma ta ɗebo wata ta juye. Ta jiƙa tsumma sharkaf ta shimfiɗa a kan faifan, ta tura tukunyar can lungu. Washegari ma ta ƙara, ba ta ko tsaya matsa rairayin ba. Wanda tsoro ya kama ba ya awo.

Bayan kwana uku lotsawar ta tashi, amma tsumman ya yi ta ɗiga ta cikin faifan yana sauka a kan ƙwan. Na huɗu, wanda yake tsakiya, ya yi gumi, ya yi rawaya, wani gashi-gashi mai launin toka ya fito masa. Tawadar kansa ta narke ta zubo. Ta damƙi rairayi, ruwa ya bi ta tsakanin yatsunta har gwiwar hannu. Ta gwada ɓamɓare ruɓaɓɓen, ya ƙi, ya manne da 'yan'uwansa ta ko'ina, in ta ja da ƙarfi sai ta yage na kusa da shi. Ta zauna daɓas a ƙasa tana hawaye ba sauti. In ba a canza rairayin nan ba, duka bakwai ɗin za su bi shi, kuma warin ƙwai bakwai ko mai mura sai ya ji shi.

Rairayin tsakar gida duk kashin awaki ne da toka, kuma a idon 'Yar Baba yake. Na rafi take bukata. Mutum ɗaya ta san za ta iya roƙa, ita ce Safina, maƙwabciyarsu ta bayan katanga. Tun da aka yi rasuwar, Safina kaɗai ke miƙo mata kunu da ɗan ƙuli-ƙuli ba tare da ta tsaya ƙare mata kallo ba.

Mariya ta je gindin katanga kamar mai shanya, ta kira ta ƙasa-ƙasa.

"Sahina, in kinka tahi rahi wanki, ɗebo min rairayi ƙwarya guda. Mai tsabta."

"Rairayi kaɗai? Mi za ki yi da shi?"

"Tukwanena sunka yi baƙi, ina son in goge. Amma ki ruhe shi, kada a gani. Kin san Gwaggo, komi na taɓa sai ta yi magana."

Safina ta yi dariya. "Na san ta sarai. Bar ni da ita."

Da la'asar ta shigo, ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, daidai lokacin da tsohuwar ta zaga bayan gida. Ta wuce kai tsaye cikin ɗaki, ta dire, ta dafa kafaɗar Mariya ta ce Allah Ya ba ta haƙuri, ta fice da sauri tana waige don kada tsohuwar ta kama ta. Washegari da azahar Mariya ta tallabo dunƙulen ƙwan gaba ɗaya da hannu biyu, tana kallon lambobin kada su karkace, tsikar jikinta tana tashi. Ta kwashe jiƙaƙƙen rairayin a tsohon zane, ta zuba sabo, ta yayyafa, ta matse. Ya dunƙule, bai ɗiga ba. Tsohon kuwa ta riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan cikin shara.

Shida suka tsira. Amma na huɗu ya riga ya mutu, kuma yana nan a tsakiyarsu yana kumbura. Warin ya fara da kaɗan, kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe, sannan ya yi nauyi. Da wata mace ce, da ta turara ɗakinta an wuce wurin. Mai takaba kuwa ba ta taɓa turare, in aka ji ƙamshi a ɗakinta wani sabon zance ne. Ta barbaɗa toka a kan ruɓaɓɓen, ta bar taga a buɗe, ta riƙa ƙirga kwanaki da yatsu. Saura goma. Saura tara. Abinci ya daina shiga mata, in ta kwanta sai ta ji warin yana tasowa ta cikin katifa.

Ranar talatin da uku, da hantsi, tana tsakar gida tana yi wa Aminat wanka, 'Yar Baba ta leƙa ɗakin neman carbinta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina.

"Ɓera ya mutu ɗakin nan."

"Bari in gama in duba, Gwaggo," in ji Mariya, soso ya suɓuce daga hannunta.

"Yi aikinki. Ni ma ina da hannu."

Mariya tana ji tsohuwar ta jawo tsintsiya. Ta ji ta durƙusa tana nishi. Ta ji ƙarar gindin tukunya a kan daɓe. Sannan aka ƙwala salati da ya tashi kajin gidan gaba ɗaya.

Kafin a ce me, gida ya cika. Shamsu ya baro gyaran gona ya shigo da gudu, fartanya a hannu. Shi ya fito da tukunyar da kansa, ya naɗe hannunsa da riga kafin ya taɓa ta, ya dire ta a tsakiyar tsakar gida cikin rana, ya hankaɗe faifan da ƙafa. Mutane suka ja da baya suna a'uziyya. Ga ƙwai bakwai manne da juna, ga baƙin rubutu a kan shida, ga ɗaya ya ruɓe a tsakiya an barbaɗe shi da toka.

"Wancan na tsakiya shi ne marigayi," in ji wata mata daga baya. "Sauran shida kuwa Allah kaɗai Ya san ko su wa anka nufa."

'Yar Baba ta fizgo Aminat daga cikin baho, jikinta duk kumfa, ta damƙe wuyan hannunta ta ja ta bayanta. Yarinyar ta fara kuka tana miƙo ɗaya hannun. Mariya tana durƙushe inda take. Ko a wannan halin idonta ya kai kan tukunyar, ta ga saman rairayin yana fari, ta san ranar nan ba za ta bar su su kai azahar ba.

"Mariya," in ji Shamsu. Muryarsa a kwance take, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Mine ne wanga?"

Ta buɗe baki. Me za ta ce? Na ƙanenka ne, ƙwan mesarsa ne da yake kiwo a tsallake? Bunyaminu, wanda maciji ya mayar da shi maraya? Za su ce ta kashe shi, ta kuma bi shi kabari da ƙazafi. Mai shaidarta yana wata ƙasa, saura kwana bakwai, in ma zai zo.

Ba ta kai ga furta komai ba 'Yar Baba ta sunkuya, ta sa tsinke ta tono rairayin, ta kai kusa da idonta mai gani.

"Tsaya, Shamsu. Wanga rairayin rahi ne, sabo, bai yi sati guda cikin tukunyag ga ba. Ita kuwa wagga kwana talatin da ukku ba ta taka zaure ba, ni ce shaida. To wa ya kawo shi?"

Sai wata ta ce ita kam ta ga Safina ran nan da la'asar, ta shigo gidan da abu ƙarƙashin mayafi. Wata ta ce ƙwarai, ita ma ta ga fitarta, tana sauri tana waige-waige. Kai, mutane! Nan take wani tsoho ya tuno cewa ai Safina ce Bunyaminu ya fara nema da, ya fasa, ya je ya ɗauko ta tsallake. Zancen da ya shekara bakwai a binne, ita kanta Safinar ta yi aurenta har da 'ya'ya uku. Aka ce to ga shi nan, ta daɗe da binne abinta, dawowa ta yi ta sabunta shi.

Aka je aka zo da ita, hannunta duk garin daka. Ta dubi taron, ta dubi tukunyar, ta toshe hanci.

"Ke kinka kawo rairayi gidan ga?" in ji Shamsu.

"Awo, ni na kawo. Mariya ta aike ni, za ta goge tukwane." Ta juyo, har da ɗan murmushinta na wadda ba ta san komai ba. "Mariya, gaya musu mana."

Shamsu ya juya gaba ɗaya ya fuskanci matar ƙanensa. Wannan ne karo na farko da ya dubi tsakiyar idonta tun da aka yi rasuwar.

"Ke kinka aike ta?"

Mariya ba ta dubi Safina ba. Hannun tsohuwar take kallo, yadda yatsun suka nutse a wuyan hannun 'yarta, da kumfar da ke bushewa a kafaɗar yarinyar.

"Ban aike ta ba, Yaya. Ni ina cikin takaba, ban san komi ba."

Maganar ta fito tas, ko rawa ba ta yi ba. 'Yar Baba ta saki hannun. Aminat ta rugo ta faɗa jikin uwarta, ta ƙanƙame ta.

"Mariya?" in ji Safina, a hankali, sau ɗaya tak.

Sai taron ya rufe ta. Wata ta fizge mata mayafi, wani ya ce a kawo igiya, aka yi waje da ita ana jan ta, tana kiran sunayen 'ya'yanta. Mariya ta tura fuskar Aminat cikin ƙirjinta. Hannu biyu gare ta, duka biyun ta toshe kunnuwan yarinyar da su, nata kunnuwan kuwa suka ji komai.